Shayin Caina a Masakin Daddawa

Ni dai hancina ne jarina tun ina budurwa. Daddawa nake yi a Bungudu, ita na gada wurin uwata, da ita na aurar da 'ya'yana. In an rufe kalwa a masaki ba sai na buɗe ba, daga bakin ƙofa nakan ce saura yini guda, ko in ce a sauke yanzu kafin ta wuce. Ban taɓa kuskure ba, ko kuwa in ce ba a taɓa kama ni ba. To, hancin nan ne ya jawo mini ƙanena kusa bayan tsufa ya kama mu, ni kuma da hannuna na kusa korar shi.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu. Ni na goye shi, bayana ya sha fitsarinsa har ya gaji. Aka sa shi boko, ya yi ta gaba, ya zama babba a wani ofis a Gusau, mutane na ce masa Alhaji suna rusunawa. Ni kam Auta nake ce masa har gobe, da furfurarsa da komai. Ba mu taɓa faɗa ba, abin cewa ne ba mu da shi. Yakan zo da Sallah ya durƙusa ya gaishe ni, mu bi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, in yaran suka ƙare hira ta ƙare. Ina kallon hancinsa yana motsi saboda warin kalwar gidana, yana ta ƙoƙarin ɓoyewa. Mun fi shekara talatin a haka. Abin da nake so bai wuce ƙanena ya zauna ya yi hira da ni kamar mutum da mutum ba, amma ban san ta inda ake kamo wannan ba.

Ana nan ana nan ya yi ritaya, ciwon sukari kuma ya kama shi. Likita ya raba shi da shayin da ya saba, mai madara da sukari cokali uku. Mutumin da ya rasa ofis ya rasa shayi a shekara guda, sai ya koma kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Wani abokinsa na Tsafe, wanda suka yi makaranta tare, shi ya cece shi. Ɗan kasuwa ne, yana zuwa Caina sayo kayan babur, can ya koyo shan wani baƙin shayi da ake ruɓar da ganyensa, a danne shi ya zama kamar faifai, a ajiye shekaru yana ƙara daɗi. Ba madara, ba sukari. Ya koya wa Auta, Auta kuwa ya faɗa ciki har wuya, irin faɗawar wanda ba shi da wurin zuwa da safe.

Ranar da na fara ganin abin, na je Gusau ne a duba mini gwiwa, na biya gidansa in jira rana ta yi sanyi. Na same shi zaune a ƙasa kan darduma, gabansa tire, a kan tiren wata 'yar butar yumɓu da ba ta fi dunƙulen hannuna ba, da kofuna kamar na wasan yara. Ya warware wata farar takarda, sai ga abu baƙi, zagayayye, a danne.

Na ce, "Auta, wa ya yi maka wagga daddawa? Ƙatuwa haka ai ba ta bushewa ciki."

"Shayi ne, Yaya."

"Shayi a ina?"

"Shayi ne. Shekararsa goma sha biyu."

"Shekara goma sha biyu ba a samu mai saye ba, sai kai aka samu."

Ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini kamar basilla ya ɓanɓaro kaɗan, ya zuba a butar, ya tsiyaya tafasasshen ruwa, kafin in ƙifta ido ya zubar da ruwan a kwano. Na ce wannan kuma almubazzaranci ne. Ya ce wanki ne, ganyen ake tasa daga barci. Ruwa na biyu ma bai bar shi ya jima ba, numfashi biyar ko shida ya tsiyaye ya miƙo mini. Na kurɓa don kada in ba shi kunya. Ƙasa na fara ji, irin ƙamshin da ke tashi in ruwan farko ya sauka a tsakar gida, sai ɗaci-ɗacin tsohon itace. Na haɗiye ina neman inda zan ajiye kofin, sai wani zaƙi ya taso mini daga maƙogwaro, kamar na ci dabino jiya sai yau ya tuna da ni. Ban faɗa masa ba. Na ce dai ba laifi, ga mai ciwo.

Shi kuwa ya kurɓi nasa ya yamutsa fuska. Ya ce kwana bakwai ke nan wani abu ya sauya, ya canza ruwa, ya canza ganye, bai gano ba. Da kansa yake magana, ba da ni ba. Na ɗauki murfin butar na kai hanci, don halina ne, tukunyar kowa na gani sai na shinshina murfinta.

Na ce, "An wanke butar ga da sabulu."

"Ba a wanke ta da sabulu. Na hana."

"To an wanke. Mai ƙamshin lemun tsami ma."

Ya ƙwala wa matarsa kira. Hajiya ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta dube ni ta dube shi, ta ce ai ta ga cikin butar ya yi baƙi ƙirin kamar ba a gidan mutane ba, sai ta ɗan dirje ta ranar Juma'a. Auta ya dafe kai, ashe baƙin nan shekara biyu yana tara shi, shi ne daɗin butar. Da ya ɗago sai ya dube ni, irin kallon da yake mini yana ɗan yaro in na cire masa ƙaya daga ƙafa.

Daga ranar nan mota ta soma zuwa Bungudu ba Sallah ba, ba rasuwa ba. Yakan ɗauke ni ya kai ni Gusau, ko ya zo da tirensa mu shimfiɗa tabarma a zaure, nesa da tukwanena. Duk shayin da ya samu, ni ce ta farko da ake miƙa wa murfi. In ce wannan an ajiye shi wuri mai laima, ya duba takardar ya ce haka ne, daga gefen teku ya fito. In ce wannan yaro ne, bai gama fushi ba, ya ce shekararsa uku. Na koya masa cewa ruwan randa da ya kwana ya fi na famfo. Shi ya koya mini ƙirga ruwa, wai ganye ɗaya sai a zuba masa ruwa sau goma, kowane da fuskarsa, na uku da na huɗu su ne samartaka, na takwas tsufa ne, ya yi laushi ya daina gardama. Tsakanin ruwa da ruwa dole a jira, cikin jiran nan ne hira ta soma fitowa. Ya ba ni labarin ofis, abubuwan da ban san ya sha ba. Na ba shi labarin uwarmu a shekarun da yake makarantar kwana.

Ni kuwa kaina ya kumbura, kada in ɓoye muku. Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, sai ga ta a gidan biki tana gaya wa mata cewa shayin da suke sha ruwan wanke kwano ne. Aka sa mini ido. Wata ta tambaye ni ko yanzu da tsinke nake cin tuwo kamar 'yan Caina.

Wata rana ya zo da tulu sabo fil, wanda ko ruwa bai taɓa gani ba, da faifan shayi guda a takardarsa mai rubutu ja. Ya ce wannan ya fi duk wanda muka taɓa sha, abokinsa na Tsafe ne ya zaɓo masa shi da hannunsa a zuwansa na ƙarshe. Gidansa na Gusau siminti ne da kwano, in bazara ta yi shayin bushewa yake ya mutu. Ɗakin marigayi maigidana kuwa na ƙasa ne, da sanyi, ba kowa a ciki, can ƙarshen gida inda hayaƙi ba ya kaiwa.

Ya ce, "Yaya, shekara biyar. Ba rana, ba ruwa, ba wari kowane iri. Numfashi kawai yake so. Kada ki yi masa komai."

Na ce, "Ni za ka koya wa ajiyar abin da ke ruɓa?"

"Shi ya sa na kawo miki."

Na karɓi tulun da hannu biyu. Tun da aka haife shi bai taɓa ba ni ajiyar ko allura ba.

Shekara biyu na riƙe amana. Nakan shiga ɗakin in share, in ɗaga murfi in shinshina, in mayar. Abin da ya soma damuna shi ne ba na jin komai na motsi. Yau ɗaya, gobe ɗaya, wata shida ɗaya. Ni da na saba abu ya sauya daga safe zuwa la'asar, sai na fara zargin shayin da lalaci. Ga kuma wani lissafi da ke zuwa mini in na idar da salla: saura shekara uku, wa ya ba ni takardar cewa zan kai? Ƙawayena biyu sun tafi a shekarar nan. In na bi su kafin a buɗe tulun, da wa Auta zai sha, wa zai miƙa wa murfi?

To daga nan Shaiɗan ya zo mini da rigar hikima. Na ce wa kaina, mutanen nan na Caina ƙila dai haƙuri ne ya yi musu yawa, ilimin abin bai ishe su ba. Ruɓa ai ruɓa ce. Abin da ke sa kalwa ta nuna kwana uku kowa ya san shi: laima, ɗumi, da tsohon masaki wanda ya saba aikin. Sabon tulu me ya sani? Na ga kaina ina miƙa wa Auta shayin shekara biyar a shekara biyu, yana tambayata yadda na yi, ni kuma ina cewa sirri ne na mata.

Damina ta yi tsaka, ranar wata Laraba, na warware takardar a hankali na ninke ta na ajiye. Na yayyafa wa faifan ruwa gaba da baya, na yi bismilla, na naɗe shi da ganyen kalgo, na kwantar da shi a masakin da uwata ta bar mini, wanda ya fi shekara hamsin yana cin kalwa. Na rufe da buhu, na ɗora tsohon zane, na danne da dutse. Yadda nake yi wa daddawa, ban rage komai ba. Kwana ukun nan har waƙa nake yi ina tsince kalwar da aka kawo mini daga ƙauyen Kekun Waje.

Rana ta uku na buɗe. Faifan ya kumbura ya yi furfura, fari-fari da ɗigon kore a gefe, ya yi taushi kamar wainar da ta kwana. Amma na ce ai daddawa ma ba ta da kyan gani a wannan gaɓar. Na kankare furfurar da wuƙa, na shanya shi a rana kan tabarma, rana da aka ce kada ta taɓa shi. Na shinshina, ban ji wani abin tashin hankali ba. Sai maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Inna, yau kuma guda ɗaya ƙatuwa kika yi? Ta wani sarki ce?"

"Mi kika ji?"

"Mi zan ji, daddawa mana. Tun daga zaure."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Hancin nan da ke jin sabulun ranar Juma'a a butar wani, warin da ya kwana ya tashi a cikinsa shekara sittin ne kawai ba ya ji. Na ɗauki faifan na fita bayan gari, wajen gonaki, na zauna sai da iska ta wanke mini hanci, sannan na shinshina. Na ji. Daddawa ce sosai, mai kyau ma, da a kasuwa ne da an yi layi.

Mai hankali da nan ya tsaya ya aika a kira ƙanensa. Ni kuwa na koma gida na hura garwashi a kasko, na zuba turaren wutar da nake ajiya don amare, na kifa kwando, na ɗora faifan a kai na rufe da zane. Sau uku na turara shi. Na ce ƙamshi ai yana korar wari, haka muke yi wa ɗaki da tufafi. Da na gama na so in mayar da shi takardarsa, ninkin nan nasu mai kama da fure ya gagare ni, na naɗe shi kamar ƙullin kanwa na jefa a tulu. Na ce saura shekara uku, ƙila ya huce, ƙila kuma in riga shi tafiya a yi shari'ar ba ni nan.

Ko wata biyu ba a yi ba Auta ya zo da safe. Ya ce abokinsa na Tsafe zai tashi, 'ya'yansa sun matsa ya koma Zariya kusa da su, ba ranar dawowa. Shayin da ya zaɓo da hannunsa bai kamata a sha ba shi ba, ko da bai cika shekarunsa ba. Gobe za mu je, in ɗauko tulun.

Na ce, "To."

Washegari muka fita da hantsi, don hanyar nan ba a bari la'asar ta same ka a kanta. Ina zaune a baya da tulu a cinya, na toshe bakinsa da tsumma har biyu. Daga Bungudu zuwa Gusau na ce in mun wuce gada zan faɗa masa. Muka wuce gada. Daga Gusau na ce in mun wuce masu sayar da rake. Muka wuce su. Shi kuwa yana tuƙi yana ta murna, yana cewa ko kusa bai taɓa shakkar ɗakin nan ba, ƙasa ai ita ce uwa. Da muka hango duwatsun Tsafe ya buɗe gilashi ya ce motar tana wani ƙamshi kamar an ɗauko amarya. Na ce zanena ne.

Abokin nasa ya tarbe mu a ƙofar gida. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando, shi ma Yaya yake ce mini, bakinsa kuma bai taɓa hutawa ba.

Ya ce, "Maraba da sarauniyar daddawa. An ce yanzu har 'yan Caina na aiko miki da gaisuwa."

Na ce, "Kai dai har ka tsufa ba ka yi hankali ba. Ina kayan da aka ɗaure?"

"Ga su nan. Butata kawai na hana a taɓa, sai mun sha na bankwana."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya a tsakar gida, akwatuna jibge a gefe. Abokin ya kawo butarsa da kofuna, ruwa na tafasa a kan gawayi. Auta ya sa hannu a tulu ya ciro ƙullin. Ya dubi ninkin takardar, ya juya shi. Ya warware. Faifan ya dusashe, gefensa ya zaizaye inda na kankare. Ya ɓanɓara, ganyen ya ruguje masa a hannu kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Aka zuba ruwan wanki, tururi ya tashi, sai na ga wata kaza da ke kiwo kusa da mu ta ɗaga kai.

Aka tsiyaya na biyu. Mai gida ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi sama, ya haɗiye da ƙyar. Ya ce, "Wanga shayi shina da ƙarfi."

Auta ya kurɓa. Ya ajiye kofin a hankali. Ya ce ko dai ruwan ne. Aka sake. Na uku, wanda ya kamata ya zama samartaka, ya fito kamar an jiƙa tsumman amarya a miyar kuka. Mai gida ya daina barkwanci. Ya ce shi fa da kansa ya shiga shagon, ya ɗanɗana irinsa kafin ya saya, mai shagon ya san shi shekara da shekaru. Ya faɗa sau biyu, muryarsa tana raguwa. Ya ce ƙila tsufa ne, ƙila an sauya masa a wurin naɗewa bai lura ba, ya ce Auta ya yafe masa.

Sai Auta ya ɗauki murfin butar ya miƙo mini, kamar yadda ya saba.

"Yaya, ke ke da hanci. Mi ya samu shayin ga? Cutarsa suka yi?"

Ƙofa ce aka buɗe mini, faɗinta ya ishi raƙumi. In na ce tun daga can ya lalace, ba wanda zai musa, don maganar hancina ba a musa ta. Mai shagon Caina ba zai zo Tsafe ya kare kansa ba. Sai dai wannan bawan Allah zai tafi Zariya da kunyar cewa kyautarsa ta ƙarshe ga abokinsa ruɓaɓɓiya ce. Ni kuma duk murfin da aka miƙo mini nan gaba, na san abin da na taɓa yi da shi.

Na kai murfin hanci, na daɗe, don ko ba komai a yi abu bisa ƙa'ida.

Na ce, "A sama akwai turaren wuta, na amare, an turara sau uku. Ƙarƙashinsa rana ce, ta yini biyu. Ƙarƙashin ranar ganyen kalgo. Sai daddawar kalwa, ta tsohon masaki, aikin gwana, a Bungudu mutum ɗaya ke yin irinta. Can ƙasa kuma, nesa, akwai shayi mai kyau ƙwarai, shina kuka. Wanda ya zaɓo shi bai yi kuskure ba."

Mai gida ne ya fara ganewa. Ya dube ni, ya dubi faifan, sai ya kwanta a tabarma yana dariya yana dukan ƙasa, har matan gida suka leƙo. Ya ce kwana nawa kika rufe shi, na ce uku. Ya ce da kanwa, na ce ban kai nan ba. Ya ce wallahi ko don wannan bai yi asarar zuwa Caina ba, a ɓanɓaro masa kaɗan ya tafi da shi Zariya ya nuna wa mutane.

Auta bai yi dariya ba. Ya kwashe ganyen daga butar abokinsa da ɗan yatsa, ya ɗauraye ta da ruwan zafi sau huɗu, ya ba shi haƙuri a kan butar. Ni bai dube ni ba. Muka sha wani shayin na mai gida, aka yi addu'a, aka yi bankwana. A mota ya kafa wa hanya ido tun daga Tsafe har Gusau. Da muka kama hanyar Bungudu na ce, "Auta, na ji tsoro ne kada in mutu ba mu sha ba." Ya ce, "Da kin faɗa, da mun sha." Ya sauke ni a ƙofar gida ya ce sai an kwana biyu.

Aka kwana biyu, aka kwana ashirin, aka yi wata biyu. Kowace mota ta tsaya a layinmu sai in ajiye muciya in saurara. Faifan kuwa yana wurina, zubarwa ta gagare ni. Na gwada sha ni kaɗai don horon kai, ban wuce kofi ɗaya ba. Na gwada kaɗan a miya, jikokina suka tambaya ko wani ya yi mini laifi.

Bayan an sare dawa, wata safiya ina shanya, sai na ji sallamarsa a zaure. Na fito na same shi ya riga ya shimfiɗa tabarma ya ajiye tire. Muka gaisa gajeriyar gaisuwa. Ya fito da ƙulli biyu ƙanana ya ajiye a gabana, ya ce wani ne ya kawo masa daga Kano, wai ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, shi kuma bai yarda da mutumin ba.

Na shinshina na farko, na shinshina na biyu. Na ce duka biyun yara ne, ɗaya dai an ajiye shi wurin laima don ya yi kama da tsoho.

Ya ce, "Haka ni ma na zata."

Ya ɗora ruwa. Muka zauna muna jiran ya tafasa. Na yi ta juya maganar a baki, daga ƙarshe na ce ɗakin nan na ƙarshen gida yana nan da sanyinsa, na sa an sake masa yaɓe, masakin kuma na kai shi can wani wuri.

Ya ce, "Ajiya kam mun gama, Yaya."

Na ce, "Na sani. Na dai faɗa ne."

"Ko goro ba ni ba ki."

"Goro ai ba a ruɓar da shi."

"Ke kya samo hanya."

Ya zuba ruwan wanki ya zubar, ya zuba na biyu, ya tsiyaya mana. Na kurɓa na ce ya yi garaje, ruwan bai gama tafasa ba. Ya ce ya tafasa. Na ce ni da ke jin ƙarar ruwa tun kafin a yanke masa cibi. Ya yi tsaki, ya mayar da butar ruwan kan wuta, ya gyara zama ya jingina da bango, ya ce in ƙarasa masa labarin ranar da uwarmu ta bi ɓarawon akuya har bakin gulbi, don wancan karon ban kai ƙarshe ba.